Akwatin Ɗakin Malam Maiwada

Ikrima ɗan Malam Maiwada na Furana yana aji biyu a wata kwaleji a Zariya, yana karatun harkar lantarki, aka aiko masa cewa mahaifinsa ya faɗi a gonar masara. Ya taho da niyyar ya duba shi ya koma. Bai sake komawa ba.

Shanyewar ɓarin jiki ce. Ta tafi da hannun dama da ƙafar dama, ta karkatar da baki, magana ta koma wani gurnani da sai wanda ya saba yake fahimta. Uwarsu, Inna Indo, ta riga ta rasu. Babban wansu Abdulrahman yana aikin ofis a Kaduna, yayarsa Hassana kuma tana aure a Kudan. Ba wanda ya buɗi baki ya ce wa Ikrima shi zai zauna. Kowa dai ya yi sannu ya koma inda ya fito, sai ya waiga ya ga shi kaɗai ya rage a tsakar gida da buta a hannu.

Ya karɓi gonar, ya yi aure, shi da matarsa Wasila suka raba jinya. Ranar kasuwar Ikara yakan zauna a gefen shagon wani abokinsa Uwaisu yana gyaran waya. Wanka da juyi da ba da abinci ba su dame shi ba kamar yadda tsohon yake kwanciya yana kallon azara tun safe har faɗuwar rana. Mutumin da a da dillalin shanu ne, ba kasuwar da ƙafarsa ba ta taka ba daga Ikara zuwa Makarfi.

A ƙarƙashin teburin Uwaisu ya ga akwatin, wata 'yar tsohuwar dikodar talabijin baƙa wadda ba ta fi tafin hannu ba.

"Ɗauke ta don Allah," in ji Uwaisu. "Wannan in ka kunna, sai ka je ka sha shayi ka dawo ba ta gama buɗewa ba."

Gaskiya ya faɗa. Ƙwaƙwalwarta kaɗan ce, kayan da aka loda mata sun fi ƙarfinta. Ikrima ya ari kwamfutar Uwaisu, ya sauko da wani tsari mara nauyi wanda ba ya yin komai sai kunna bidiyo da sauti, ya zuba shi a kan ɗan katin memori. Kafin akwatin ya yarda ya tashi daga katin, sai an zura tsinken sakace cikin wani rami a bayansa, a danne wani ɓoyayyen maɓalli, sannan a ba shi wuta. Ya yi ta gwadawa allo yana zama baƙi. Wasila ta ce tsinken gidan nan duk ya ƙare a ramin akwati. Ranar da hoto ya fito, ihun da ya yi sai da kaji suka watse.

Aikin bai ƙare nan ba. Duk bidiyo mai nauyi sai ya riƙa tsayawa, murya ta yi gaba baki yana baya, dole ya rage girman kowanne kafin ya saka. Akwatin yana ɗaukar zafi ya mutu, sai ya gasa ƙusa ya huhhuda murfin, ya ɗaura masa 'yar fankar wata matacciyar kwamfuta. Ramin katin ya saki, ya liƙe shi da gam. Ya haɗa shi da wata ƙaramar talabijin da batirin mota da faifan sola guda. Abin ba kyan gani, amma ba ya cin wuta, yana wuni yana yi. Rimot kuma ya rufe duka maɓallansa da salatif, ya bar uku waɗanda hannun hagu zai iya dannawa: gaba, baya, kunna.

Ya saka tafsiri da karatun Alƙur'ani. Ya riƙa ɗauko masa bidiyon karar shanu ta Ikara da wayarsa, tsoffin abokan dillanci suna leƙo fuska suna cewa, "Maiwada, ya jiki? Ka ga bijimin Bobbo?" Tsohon ya yi dariya da rabin baki.

Sai kuma ya tuna da faifan bikin Hassana, wanda ya daɗe a cikin kwalla duk ya kakkarce. Da ƙyar kwamfutar ta karanto wani yanki kafin faifan ya tsage a cikinta. A cikin yankin akwai Inna Indo tana rabon tuwo, ta ɗago ta ga mai ɗaukar hoto, ta ce, "Kai, kauce mini da abin nan, je ka ɗauki Malam, shi ne mai son a gan shi!" Ita ke nan. Babu wani hotonta mai motsi a duniya sai wannan.

Malam Maiwada ya koyi nemo wurin da kansa. Kullum sai ya kalla, ya danna baya, ya sake. Ikrima ya sha cewa zai kwafe shi a wani wuri, amma katin yana manne da gam, cire shi sai an fasa, Uwaisu kuma ya riga ya goge komai a kwamfutarsa ya sayar. Ya ce sai bayan girbi.

Ana gobe jajiberin babbar sallah ya tafi Zariya sayen maganin tsohon. A ranar Abdulrahman ya iso da matarsa Samira da wani ƙaton kwali a bayan mota: sabuwar talabijin, faɗinta ya kusa ƙofar ɗaki. Samira ta shiga gyaran ɗakin surukinta, ta ga wani abu mai huji-huji da wayoyi da salatif.

"Wannan tarkacen ai sai ya ja gobara," ta ce.

Wasila ta ce, "Anti, da an jira shi ya dawo, Baba yana..."

"An kawo wanda ya fi shi," in ji Abdulrahman. "Kwashe."

Tsohon ya yi ta gurnani yana ɗaga hannun hagu. Suka ce murna yake yi. Wani mai sayen gwangwan yana wucewa da kurarsa, aka miƙa masa akwatin da fanka da rimot, ya ba yara alewa.

Da la'asar Ikrima ya dawo, Wasila ta faɗa masa abin da ya faru. Bai ko ajiye ledar magani ba ya hau babur ya nufi inda 'yan gwangwan suke tara kaya a Ikara. Ya tono tsibi bayan tsibi har hannunsa ya yi jini. Mai wurin ya ce motar Kano ta ɗauki kayan yau tun azahar, can kuma fasawa ake yi a ciri jan ƙarfe.

Da ya koma gida ya tarar da wansa a zaure yana shan fura.

"Yaya, Inna tana cikin akwatin nan."

"Wace Inna? Kai, yi magana irin ta masu hankali."

Ya yi masa bayani. Abdulrahman ya ajiye ludayi. Sai ya ce, "To kai da ka san haka, me ya hana ka ajiye wani? Ni alheri na zo yi. Kullum sai a ce ba na yin komai, yau na yi, ya zama laifi."

Wannan tambayar ita ce Ikrima yake yi wa kansa tun a kan babur.

Sabuwar talabijin tana son data, sabis kuma a ɗakin nan sai an fita bakin rijiya. Tana shanye batirin kafin a gama sallar walaha. Rimot ɗinta santsi ne da shi, maɓallai ƙanana, hannun tsohon ba ya iya su. Ikrima ya samo wani akwatin, ya sake tayar da shi, ya saka tafsiri da shanu. Malam Maiwada ya danna gaba, ya danna gaba, ya kai ƙarshe, ya sake zagayowa. Da ya tabbatar babu, ya saki rimot ɗin ya juya fuska bango. Bai ƙara neman a kunna ba.

Ya rasu bayan an cire dawa. A zaman makoki mutane suna leƙa ɗakin suna cewa, "Allah ya yi wa Abdulrahman albarka, dubi abin da ya saya wa ubansa." Ikrima yana raba tabarmi yana ji. Bayan addu'ar bakwai aka mayar da talabijin ɗin kwalinta, ta koma Kaduna, tunda a Furana ba ta da amfani.

Karatu ya riga ya wuce shi. Yanzu yana da 'yar rumfarsa a bakin tashar Ikara, yana canza gilashin waya da bakin caji. Tsakaninsa da wansa gaisuwar sallah ce a waya, gajeriya. Bara Hassana ta zo daga Kudan, suna hira ta ce zanen da Inna ta ɗaura ranar bikinta kore ne. Ikrima ya ce ruwan goro ne, shi da ya gani ba adadi. Ta rantse, ya rantse. Sai ya tsaya, ya ce shi ma yanzu ba shi da tabbas. Wasila ta kawo abinci, ba wanda ya ci da yawa.