Wai Agana Ce

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba, muna zaune a Gazara, 'yata mai tatata ta tashi da zazzaɓi. Ta ƙi nono, yawu sai dalala yake. Na buɗa bakinta na ga ƙuraje, ga wasu a tafin hannu da na ƙafa. Na nuna wa tsohuwar da ke maƙwabtaka da mu, sai ta ja da baya ta ce, "Agana ce!"

Na ce, "Haba Iya, agana ba ko ɗigo a fuska?"

Kafin azahar an hana ni rijiya, har gugana aka jefo mini ta kan danga. Da ruwan rafi na yi jinyarta har ta warke sumul. Har yau babu wanda ya ba ni haƙuri.