Shayin Ƴan Cirani da Ƙafar Baba

A garinmu, can gindin dutse tsakanin Keita da Ibohamane, ba a cewa ɗan cirani ya dawo sai ya kai shayi gun dattijo. Ko daga Abijan ya fito ko daga Libiya, kafin ya gama kwance jaka zai ɗauki ganyen shayi da kwalin sukari ya nufi zauren dattijon unguwarsu. A gabansa ake dafawa, zubi uku, kuma kowane zubi dattijon ne yake fara sha, sannan ya sa wa yaro albarka. Idan ya ƙi sha, to ya shaida wa gari ke nan bai yarda da abin da yaron ya samo ba.

Dattijon unguwarmu mahaifina ne. Ni kuma ina cikin matan da aka koya wa aikin faɗakarwa a gidan likitan garin, muna bin gida-gida muna yi wa mutane bayanin ciwon sukari. Baki kam Allah ya ba ni, haƙuri ne aka rage mini tun wurin rabo.

Ni na fara lura da Baba. Ya rame, buta ba ta rabuwa da hannunsa, ya sha ruwa ya zaga, ya dawo ya sake sha. Na ja shi wurin majo, wato babban ma'aikacin gidan likita, aka soki ɗan yatsansa aka auna jini. Ciwon ne. Baba bai yi gardama ba. Ya karɓi ƙwayoyinsa, ya daina sa sukari a fura, ya bar lemon kwalba. Na riƙa yawo ina kafa misali da shi, har da ɗaga kai.

Gab da damina yana gyaran jerin duwatsun da ke tare ruwa a gonarsa, wani dutse ya faɗo masa a ƙafar dama. Bai ma ji zafin kirki ba. Mako biyu miki bai kame ba, sai baƙi yake yi, ya fara wari. Majo ya wanke ya ɗaure, sannan ya kira ni gefe ya ce in sukarin jininsa bai sauka ba, ƙarshenta babban asibiti, kuma ƙafar za a yanke. A wannan watan ne kuma ƴan cirani suka fara sauka, yau biyu, gobe uku, kowa da kwalinsa. Wata rana na zauna bayan zana ina kallo, kafin la'asar Baba ya sha kofi tara, kowanne kamar zuma.

Na yi masa magana, ya ce, “To mi kike so in yi? Yaro ya sha rana shekara guda, ya zaka da shayinai, in ce ba ni sha?”

Washegari na yi abin da har yau in na tuna sai kunya ta kama ni. Ɗan maƙwabciyarmu ya taho da sabuwar shadda da kwalinsa a hannu, na tare ƙofar zaure na fizge kwalin, na ce su tafi can su kashe iyayensu su bar mini nawa. Saurayin ya juya ya tafi. Kafin azahar uwarsa ta shigo gidanmu tana kuka, tana tambaya wa ya ce ɗanta sata ya yi a Abijan. Baba ya aika aka kira shi, ya sa aka dafa a bainar jama'a, ya sha ukun nan, ya ƙara na huɗu don ya wanke shi. Ni kuwa kwana biyar ina gaishe shi yana kallon bango. Na ji haushi, na kuma ji tsoro, don da hannuna na ƙara masa kofi ɗaya.

Kowace ranar kasuwa masu ciwon sukari na garinmu da na rugage suna taruwa a inuwar gidan likita. A auna jini, a cire takalma kowa ya duba ƙafar ɗan'uwansa, a yi ta tsiya kan wanda ya saci dabino. A cikinsu akwai wani makiyayi, aminin Baba tun suna samari, mai jin Hausa da Tamajaq, yaren Buzaye, wanda shanunmu biyu suke hannunsa. Ya ga idona ya yi ja, ya tambaya, na zayyana masa komai ina jiran ya tausaya mini. Sai ya fashe da dariya.

“Ku manoma,” ya ce, “wurinmu kunka koyi shayin ga, har yau ba ku iya shi ba. Ɗiyata, yaushe aka sa sikari cikin buta?”

Na ce sai ganye ya tafasa.

“To kahin a sa, abin da ad cikin butar mi na? Ba shayin yaron ba na?”

Ni da na yi horo har da takarda, wata guda ina faɗa da kwali, ban taɓa leƙa cikin buta ba.

Bai bar ni na kai wa Baba maganar ba, ya ce na riga na ɓata bakina. Da kansa ya je. Ina jin su ta bayan zana, Baba yana cewa mutane za su ce ya raina sukarin yaro. Aminin ya ce to ya ɗora hannu a kan kwalin ya yi masa addu'a, a zuba masa nasa tun ba a sa ba, saura samari su sha abinsu. Baba ya ce shi kaɗai ba zai sauya abin da ya tarar ba, sai dai a kai gaban jama'a.

Aka kai bayan sallar Juma'a. Nan abin mamaki ya fito: dattijai uku na wasu unguwannin suna da ciwon, kowa yana shan ƙwaya a ɓoye yana shan shayi a fili. Ɗaya har ya fara gani dishi-dishi. Liman ya saurari kowa, ya ce shi dai bai taɓa jin albarka ta narke cikin sukari ba. Aka tsayar: daga ranar kofin dattijo ana zuba shi kafin sukari, ko yana da ciwo ko ba shi da shi, don kada a nuna kowa da yatsa. Wannan na ƙarshen shawarar majo ce, kuma ita ta sa abin ya zauna.

Ban ce mun yi saurin da ya kamata ba. An kai Baba babban asibiti, an cire masa yatsu biyu. Amma ƙafar tana nan, da ita ya dawo, da ita ya yi noman bara. Na je na durƙusa gaban maƙwabciyarmu na ba ta haƙuri, ta ce ta yafe, ta ƙara da cewa in je majo ya auna mini harshe. Yanzu a taron ranar kasuwa har daga ƙauyukan yankin Buza ana zuwa ana tambayarmu yadda muka yi da ƴan ciraninmu, ni ce kuma mai bayani, ina faɗa har da ɓarnar da na yi.

Ƙanena ba ya gida duk wannan abu. Shekara uku yana Libiya, kuma Baba ya hana a gaya masa. Da ya sauka sai ga shi da kwali biyu, manya, yana murmushi. Ya zauna ya hura gawayi, ganye ya tafasa, ya kai hannu zai buɗe kwali. Harshena ya yi ta ƙaiƙayi, na cije shi. Baba ya miƙa kofinsa.

“Zuba min nawa tukuna.”

Ƙanena ya ce ai bai sa sukari ba. Baba ya janye bakin rigarsa ya miƙe ƙafar a kan tabarma. Ƙanena ya daɗe yana kallon inda yatsun suke a da. Sannan ya zuba. Baba ya shanye abin nan mai ɗaci bai yamutsa fuska ba, ya ɗora tafinsa a kan kwalayen, ya yi masa addu'a mai tsawo, wadda ta fi ta kowa.

Bana da ya sake dawowa, ganyen shayi ya kawo, ba kwali. A ƙarƙashin hammatarsa akwai takalmi sau-ciki mai laushi, irin wanda majo yake ta cewa masu ciwon su riƙa sawa in za su gona. Ya durƙusa ya sa wa Baba da kansa. Na hagu ya zauna daidai. Na dama kuwa tun daga can ya cusa auduga a bakinsa, daidai gurbin yatsu biyu.