Sunan da Ke Saman Wasiƙa

Rue Tansley ta yi shekara talatin da ɗaya tana dafa abinci a wata firamare a Grimsby, ba a taɓa jin ta ɗaga murya ba. Tana 'yar shekara tara wata malama mai son taimako ta buɗe ƙamus a gaban aji, ta karanta ma'anar sunanta: nadama, ko kuwa wani ganye mai ɗaci. Ta ce wa Rue ta zaɓi ɗaya. Rue ta tuna mahaifiyarta Doreen, macen da ba ta rungumar kowa, ta zaɓi nadama.

Daga ranar ta daina roƙo, ta daina ƙorafi, don kada ta ƙara wa uwar nadama a kan wadda ta riga ta rubuta a takardar haihuwa. Har Doreen ta rasu ba ta tambaye ta ba.

Sai bayan ta yi ritaya, ta je gidan kula da tsofaffi wurin Mavis, ƙanwar mahaifiyarta. Ta zuba musu shayi, ta ce, "Inna, Mama ta yi nadamar haihuwata ne?"

"Ke, wa ya cusa miki wannan shirmen?"

"Ƙamus."

"Uwarki ta taɓa ɗaukar ƙamus in ba tokare ƙofa za ta yi ba? Saurara, sakarya. Bayan yaƙin duniya ubanki ya tafi aikin gini Faransa. Duk wasiƙar da ya aiko, a samanta sai a ga Rue kaza. Uwarki ta ce lallai wata ce ta ajiye shi, har ba ya kunyar rubuta sunanta. Ta zare zoben baiko ta aika masa a ambulan. Kwana huɗu sai ga shi a ƙofa, ko jaka babu, amai a jirgin ruwa ya gama ramar da shi. Ya ce, 'Doreen, da yarensu titi ake nufi! Titi kawai!' Ta yi dariya har ta zube ƙasa. Da aka haife ki ta ce, to, yanzu kam akwai Rue, kuma a gidana take."

Rue ta ajiye kofinta.

"Wato sunana titi."

"Mai kwalta ma."

"Me ya hana ta gaya min?"

"Ta ɗauka kin sani. Ku biyun nan ai bakinku kamar an ɗinke."

Rue ta share ido da bayan hannu, ta matso da kujera.

"Inna, sake faɗa min. Daga wurin zoben."

Mavis ta yi tsaki, ta gyara zama, ta faro.