Man Yamai a Hancin Jaririya

Ko tsufa ya sa na manta sunayen ƙawayena, akwai wata ranar damina a Tabotaki da ba za ta taɓa fita raina ba.

Lokacin ina gidan yayata ina taya ta aiki, don ba ta daɗe da gama wankan jego ba. Mace ta haifa, kuma surukarta, wadda duk muke kira Inna, ita ke wa jaririyar wanka da shafa. Inna gwanar reno ce, rabin yaran unguwar ta hannunta suka bi. Tana da abu guda da ta riƙe: in jinjiri ya yi mura, sai ta narka man shanu kaɗan ta ɗiga masa a hanci. Haka ta gada, kuma ba wanda ya taɓa ce mata don me.

Ana nan sai ƙanwar mijin yayata ta zo daga Yamai, da tsarabar wasu 'yan kwalabe da ba su kai ɗan yatsa ba. Ta ce man itatuwa ne da matan birni ke yayi, wannan na ciwon kai, wancan na barci, ga na na'ana'a don mura. Ta zaunar da ni da yayata ta yi mana bayani dalla-dalla: ɗigo ɗaya a kwanon ruwan zafi, babba ya shaƙi tururin, kada a kai shi kusa da jariri. Inna tana gidan suna a lokacin. Abin da ta tarar kawai shi ne gida ya ɗau ƙamshi, kowa sai yabon man Yamai yake.

Bayan baƙuwar ta koma, mura ta kama jaririya. Da hantsi maza sun tafi gona, yayata ta shiga wanka, ni ina surfe a tsakar gida. Na ga Inna ta shige ɗaki da yarinyar a kafaɗa, ban kawo komai a raina ba. Sai na ji ƙara guda ɗaya, irin wadda ban taɓa jin jariri ya yi ba, daga nan sai tsit. Shirun nan ne ya sa na yar da taɓarya.

Na tarar da yarinyar ta sandare a cinyar Inna, baki buɗe, ido waje, amma ba sauti ba numfashi. Leɓunanta sun fara duhu. Ga kwalbar na'ana'a a buɗe kan tabarma. Na ruga kanta ina tambaya.

"Inna! Mi kinka sa mata?"

"Man ga na Yamai na, ɗiyata," ta ce. "Na ce ai ya hi man shanu. Mai ba mai na ba?"

Yayata ta fito da kumfa a wuya, ta fizgi 'yarta tana salati tana jijjiga ta. Ni na fita ba ɗankwali, ina kuwwa, har Allah ya haɗa ni da wani maƙwabci da ya dawo gona a kan babur. Ya ɗauke mu, ni da yayata da yarinyar, muka nufi gidan likita da kwalbar a hannuna. Muna hanya yarinyar ta ja wani numfashi mai ƙugi, ta saki siririn kuka. Ban taɓa jin daɗin kukan yaro ba kamar ranar.

A gidan likita, majo, wato babban ma'aikacin jinya, ya karɓi kwalbar ya sunsuna, nan take idonsa ya kawo ruwa.

"Wanga kunka ɗiga ma jinjira? Ni ƙato ban iya sa shi ga hanci!"

Ya yi mata abin da zai iya, ya tura mu asibitin garin Bouza, inda aka riƙe ta 'yan kwanaki kafin numfashinta ya daidaita.

Da muka dawo, Inna ta rame kamar ita ta yi jinyar. Tsohuwar da ba ta barin kowa ya taɓa jikarta, sai ga ta tana ɓoye hannuwa cikin zane.

"Ku riƙe ta can," ta ce. "Hannuwan ga nawa sun so kashe ta."

Yayata ta matso kusa da ita. Ta durƙusa ta ɗora mata yarinyar a cinya, ta koma gefe. Inna ta daɗe tana kuka kafin ta iya rungume ta.

Yau yarinyar tana lakwal, wato makarantar boko, bakinta ya fi na kowa kaifi a gidan. Ni kuwa har gobe in na ji ƙamshin na'ana'a, ko a shayi ne, sai gabana ya faɗi. Abin da na koya shi ne ƙanƙantar kwalba da daɗin ƙamshi ba sa nuna ƙarfin abin da ke ciki. Kuma duk sabon maganin da ya shigo gida, kafin a yi wa masu karatu bayani, a fara nemo tsohuwar da ke riƙe da jariri, a zaunar da ita a faɗa mata.