Ƙwayar Farar Wuta da 'Yan Dubiya

Daminar da na tare a Wudil, fartanya ta sari maigidana a ƙauri. Duk abin da muka sani mun shafa, amma ƙafa ta kumbura suntum tana ruwa. Ƙanensa ya ɗora shi a jaki zuwa ɗakin shan magani.

Malamin asibiti ya ba shi wasu fararen ƙwayoyi. Ya ce masana ne ke haɗa su a wata ƙasa mai nisa. Farar wutar nan da muke kwaɓawa da man shanu mu shafa wa ƙazuwa, ita suke dafawa da wasu sinadarai har ta iya kashe cuta a cikin jini. Ya ja kunnensa ya sha da ruwa mai yawa, kuma ya shanye duka. In ƙafar ta ƙi, sai Kano, can kuwa yankewa ake yi.

To, mutumin nawa abin hannunsa ba ya rufe masa ido. Zafi na sauka, 'yan dubiya suka cika zaure. Wannan ya ce baya, wancan haƙori, wani mutumin Darki ma akuyarsa ce ke tari. Duk wanda ya koka sai ya miƙa masa ƙwaya kamar goro. Ni kuwa ina cikin gida ina ta dama fura, ina murna ana son mijina.

Ba a jima ba kumburi ya dawo har gwiwa, ƙunshin magani kuma wayam. Tsoro ya kama ni, haushi ma haka.

"Maigida, ina maganin?"

"Haba, baƙo ya zo da ciwo in ce masa babu?"

"To baƙon zai ara maka ƙafa?"

Na yafa mayafi na bi ƙanen nasa muka tafi ɗakin shan maganin. Malamin ya yi faɗa har ya gaji ya yi dariya, sannan ya danƙa mini sabon ƙunshi.

"Amarya, ke za ki riƙe."

Na ɗaure shi a bakin zanena. Lokaci na yi sai in sa a shigo da maigidan, in tsaya a kansa har ya haɗiye. Masu dubiya kuwa fura kawai suke samu. Zaure ya watse, gari ya ɗauka amaryar wane marowaciya ce.

Sunan ya bi ni har tsufa, ko a jikina. Da kaka ta yi, da ƙafarsa ya ɗauko dammunan dawa daga gona, yana tafe yana ba mutane haƙuri a kan halina.