Bulon Eusebio

Duk unguwar Laferrere da ke bayan birnin Buenos Aires babu mai tsoron banki kamar ɗan kawuna, Eusebio Ledesma, direban bas. In hanya ta biyo da shi ta ƙofar banki, sai ya tsallaka titi dafe da aljihu, kai ka ce ginin cizo yake yi. Ba a ga laifinsa ba. Shekarar da bankuna suka kulle kuɗin jama'a, har da ɗan abin da ya tara yana sabon ango. Ya bi sahun masu zanga-zanga, ya yi ta dukan murfin tukunya har murfin ya koma faranti. Da aka sakar masa kuɗin, abin da zai sayi fili da ƙyar ya sayi firji.

Tun daga nan ya rantse peso, kuɗin ƙasarmu, ba zai ƙara kwana a hannunsa ba. Ranar albashi, kafin ya isa gida ya biya shagon kayan gini na Don Fermín ya mai da rarar jan bulo. Wasu dala suke cusawa ƙarƙashin katifa, shi kuwa bulo yake jibgewa a tsakar gida, har kare sai da ya koyi tafiya a karkace. Mukan ce masa ranar da ya mutu ba sai an sayi akwatin gawa ba, gine shi za a yi. Ba ya dariya. Sai ya zuƙi shayinsa na ganyen mate ya ce bulo ba ya sauraron labaran rediyo.

Ba don kansa yake tarawa ba. 'Yarsa ɗaya tal, Griselda, ma'aikaciyar jinya ce, kuma ƙawayenta sun yi ta zarewa zuwa Sifen ɗaya bayan ɗaya. A tunanin Eusebio, in ya ɗora mata bene a kan gidansa, da ɗaki da kicin da ƙofarta daban, ba inda za ta. Kowace Lahadi yana sama da cokalin magini. Bango ya tashi, tagogi suka fito, saura rufi.

Rufi kuwa ba ya sayuwa guntu-guntu, kwano da katako a haɗe ake ɗaukarsu. Dole ta sa ya karya rantsuwa, ya yi watanni yana tara peso a gwangwanin biskit. Ranar da kuɗin suka cika, washegarin zaɓe ce, peso ya faɗi warwas. Ya tarar Don Fermín ya ciccire takardun farashi, ya hau kan tulin kwanon ya zauna.

"Don Fermín, ga kuɗi, a loda mini."

"Yau babu farashi, Eusebio."

"Ga ka nan kwance a kan kaya kamar kaza a kan ƙwai, ka ce babu?"

"Kaya akwai, farashi ne babu. In na sayar maka yau, da me zan saro gobe? Je ka gida, bari dala ta gama tsalle."

Dala ba ta gama ba. Da farashi ya dawo, gwangwanin ko rabin rufi ba ya saye. Ruwan sama ya yi ta zuba cikin ɗakin har ciyawa ta tsiro a inda ya nufa da gado. Albashin Griselda kuma ya zama ba ya kai ta tsakiyar wata.

Wata Lahadi ta hau ta same shi yana cire ciyawar. Ta ce wani asibiti a Valencia, can Sifen, ya ɗauke ta aiki, takardu sun kammala, kuɗin jirgi ne babu, kuma da dala ake lissafinsa. Bai yi faɗa ba. Tambayarta ya yi ko ta lura tagar kicin tana kallon hantsi. Ta ce ta lura.

"Baba, ɗakin ya yi kyau. Amma ba bango zan ci ba."

A duk gidan abu ɗaya ne darajarsa ba ta narke ba, tulin bulon da ya rage na matakala da banɗaki. Don Fermín ya saye shi da tsada, rannan farashi bai ɓuya ba. Eusebio da kansa ya loda, yana yi wa masu motar faɗa kada su karya masa ko ɗaya. Kuɗin suka isa tikiti har da canjin sayen akwatin tafiya.

Bai raka ta filin jirgi ba, ya ce yana da aikin safe. Har yau yana tuƙa bas ɗinsa. Ranar albashi yakan miƙa wa matarsa Nélida kuɗin yadda suke, ya ce ta yi abin da ta ga dama da su.