Injin da Ya Saba da Tumbin Yaya

Yayana ba ya gama aiki. Ba lalaci ba ne, lalaci ni aka bar wa a gidanmu. Shi dai duk lokacin da ka tambaye shi ko ya gama, sai ya ɗaga yatsa ɗaya, ko kallonka ba zai yi ba, ya ce, "Saura ƙiris." Da haka sunan ya bi shi. A kamfanin da muke aiki, daga Manaja har mai shara, Saura-Ƙiris kowa ke ce masa. Ranar da aka kira sunansa na yanka a asibiti, sai da matarsa ta zungure shi sannan ya gane da shi ake.

Ni walda nake yi, a kusurwar da hayaƙi ya fi yawa. Shi kuwa shekara talatin da ɗaya ya yi a kan injin sassaƙa ƙarfe. Tsohon inji ne kore, ya fi mota nauyi. Yana da tebur mai tafiya da hannuwa uku kamar sitiyari: ɗaya ya kai teburin hagu da dama, ɗaya gaba da baya, ɗaya sama da ƙasa. Sai a ɗaure ƙarfe a kan teburin, wuƙar injin tana juyawa daga sama, Yaya yana murza hannuwan nan a hankali har ƙarfen ya fito daidai awo, ko kaurin gashi bai kuskure ba. Kullum da safe injin yake fara gogewa kafin ya gaisa da kowa. Ni da muke uwa ɗaya uba ɗaya, sai inji ya sha mai ake amsa gaisuwata.

Ana nan sai ga Manaja wata Litinin da wata matashiya mai ƙaton takalmi, ana biye da su da kwalaye. Ya ce injiniya ce, ta zo ta sa wa injin kwamfuta. Za a cire hannuwan, a ɗaura ƙananan motoci, wato injinan lantarki masu juya shi, a kafa akwati mai allo da maɓallai a gefe. Daga nan a rubuta masa awo, ya yi aikinsa da kansa.

"Ni kuma fa, ranka ya daɗe?" in ji Yaya.

"Kai ai hutu ya zo maka, Baba. Mai gadinmu zai koma gida ƙarshen wata. Akwai kujera a bakin get, ga inuwa, ga iska."

Yaya ya juya ya ci gaba da goge injinsa. Ni ne na ce abubuwa da yawa, amma a cikin hular walda na faɗe su.

Da Injiniya ta kwance hannuwan, sai ya tattara su cikin buhu ya tafi da su gida. Kwana biyu tsakani matarsa ta kira ni a waya, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Ka zo ka ga yayanka. Bango yake tuƙawa."

Na je na tarar ya kafe hannu ɗaya a bangon falo, dab da talabijin. Yana zaune yana kallon labarai, hannunsa na dama yana murzawa a hankali. In mai karanta labarai ya zo wuri mai zafi sai ya rage gudu. Na biyun kuma ya sa shi a ƙofar banɗaki, wai dama mariƙin ƙofar bai taɓa yi masa ba. Na ukun matarsa ta ɓoye, ta ce ta ga yana auna gado da ido.

Mako biyu Injiniya ta gama haɗa kayanta, aka shiga gwaji. Ta bar wa Yaya ɗaure ƙarfe a kan tebur, don ta ce ba ta ga mai ɗauri irin nasa ba. Ya ɗaure, ta danna maɓalli, inji ya kama tafiya shi kaɗai ba hannun kowa. Yaya ya tsaya a jikinsa yana hararar allon nan. Aka auna na farko, daidai. Na biyu, daidai. Manaja har da tafi.

Sai Yaya ya zagaya banɗaki. Na uku ya fito a karkace.

Ya dawo, na huɗu ya fito daidai. Ya fita shan shayi, na biyar da na shida suka lalace.

Kwana uku ana haka. Injiniya ta buɗe akwati, ta bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya, ta sake rubuta awo, ta kira waɗanda suka sayar mata da motocin ta wanke su tas a waya. Duk a banza. In Yaya na tsaye, aiki kamar na kanti. In ya matsa taku biyar, sai shara.

Nan fa kamfani ya ɗauka. Mai fenti ya ce shi tun tuni ya san akwai mai zama a cikin injin nan, don ya sha jin tari daga ciki. Mai shara ya daina share wajen, in zai wuce sai ya yi sallama. Manaja, mutumin da ke da takardun makaranta har uku a bangon ofis, ya kira mai shayi gefe ya ce kada a ƙara ba wa Saura-Ƙiris kofi na biyu, fitarsa banɗaki tana jawo wa kamfani asara.

Shi kuwa Yaya kansa ya kumbura. Ya sayi sabuwar hula. Ya fara tafiya hannu a baya. Ya ce da ni, "Ƙarfe ma ya san halacci, ba irin wasu ba." Ni na san da Manaja yake, amma ni yake kallo. Na ji haushi, amma wallahi na ji daɗi, don an daina zancen get.

A rana ta huɗu Injiniya ta daina duba wayoyi. Ta jawo bokiti ta kifa ta zauna, ta zuba wa Yaya ido tun safe. Da rana, da ya fita cin abinci, na ga ta shafa wani shuɗin maiko a bakin teburin, irin wanda ake shafa wa ƙarfe don a ga inda yake gugar ɗan'uwansa. Ya dawo, aka yi guda biyu. Sai ta ce, "Baba, don Allah zo mu je wajen ƙaninka."

Suka zo kusurwata. Ta nuna gaban rigarsa. Ga shuɗin layi ya ratsa tumbinsa daga wannan gefe zuwa wancan, kamar an yi masa ɗamara.

Ta yi mana bayani a hankali. Hanyar da teburin ke zamewa a kai ta cinye, tebur ya yi sako-sako. Duk lokacin da wuƙa ta kama ƙarfe sosai, sai teburin ya goce kaɗan. Shi kuwa Yaya, daidai wannan lokacin yake jingina don ya leƙa, tumbinsa ya tokare teburin ya mayar da shi hanya. Bai san yana yi ba. Ita ta auna komai a jikin injin nan, ba ta auna tumbi ba.

Dariya ta kama ni har na zauna a ƙasa. Tumbin da likita ke faɗa a kansa, wanda matarsa ta raba shi da sukari saboda shi, ashe shi ke riƙe da kamfani.

Injiniya ta ce, "Ban gaya wa Manaja ba, Baba. Ni aikina kwamfuta ne, kuma kwamfuta lafiyarta ƙalau. In na yi shiru, ba mai raba ka da wajen nan."

Na miƙe tsaye. "To ki yi shiru mana! Yaya, shi ke nan, magana ta ƙare. Daga yau ni zan riƙa saya maka burodi, kada abin nan ya sace."

Yaya bai yi dariya ba. Ya dubi layin da ke rigarsa ya daɗe, sannan ya ce, "'Yata, tun yaushe ya cinye?"

"Shekara goma zai yi. Ƙila ya fi."

"Shekara goma yana ciwo, ina goge masa baya kullum, ban sani ba?"

Ban taɓa ganin kunya irin wannan a fuskarsa ba. Ya cire sabuwar hular ya cusa a aljihu.

Washegari ya je da kansa ya ce wa Manaja inji na bukatar gyara. Aka sa ƙugiya aka ɗaga teburin. Ya ɗauko wata tsohuwar makankara daga akwatinsa, ya durƙusa, ya shiga kankare hanyar nan da hannu. Ya shafa shuɗi, ya gwada, ya kankare inda ya taɓa, ya sake shafawa. Injiniya ta ce a littafi kawai ta taɓa ganin wannan aikin, ta ajiye komai ta tsaya kallo. Ni kuwa na bi shi da masifa har kwana huɗu.

"Yaya, ka san me kake yi? Da hannunka kake kai kanka get!"

"Miƙo min tsumma."

"Wa ya aike ka? Wa zai gode maka?"

"Ka tare min haske."

Da aka mayar da tebur aka zo gwaji, shi da kansa ya ja da baya har bayan jan layin da ke ƙasa. Ya tsaya can, ya tsuke ciki kamar soja, wai kada ko iskar tumbinsa ta kai. Guda goma aka yi, goman nan daidai. Manaja ya cika Injiniya da godiya, mai fenti ya ce mai zaman ciki ya tashi ne don bai son ƙarar kankara. Ni na sauke hular walda na rufe fuskata, ba tare da na kunna wuta ba. Haushinsa nake ji, kuma ban taɓa alfahari da shi kamar ranar ba.

Ɗaya ga wata aka ɗauko wani magidanci mai tabarau daga ofis aka ba shi allon. Mutumin kirki ne, ba ni da abin cewa a kansa.

Da safen nan na iso kamfani na tarar da get a buɗe, wata akuya tana shiga abinta. Yaya na zaune cikin kakin gadi wanda maɓallinsa na tsakiya ya ƙi rufuwa. Kujerar da aka ajiye masa tana kallon titi, shi kuwa ya juya ta. Ya ba titi baya, ya fuskanci tagar da ake hango koren injin ta cikinta.

Manaja ya same ni wajen walda, ya ce in yi wa yayana magana, ba a gadi a haka, ko ɓarawo ya zo da ganga ba zai gan shi ba. Na ce to, ranka ya daɗe.

Wata na uku ke nan ban yi masa maganar ba. Na dai riƙa zuwa da wuri, in rufe get ɗin da kaina in wuce.